Meher Din da Tagar Ɗakin Tuluna

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin wuta a cibiyar binciken shanu da ke bayan garin Sahiwal, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak na riga Baba Meher Din isowa wurin aiki. Labarin wannan ranar nake son bayarwa, amma sai na fara faɗin ko wane ne mutumin.

A wani ƙauye na bakin kogin Ravi aka haife shi, gidan masu haƙar rijiya. Mahaifinsa, Karam Din, shi ake kira idan rijiya ta ƙafe, ko ta rufta, ko akuya ta faɗa. Dokar gidansu ita ce ba mai sauka sai an ɗaura fitila a igiya an zura ta har ƙasa. In ta dawo tana ci, bismillah. In ta mutu, sai a sari reshe mai ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ciki ta sauya. Wata rana uban ba ya gari, Fazal, wan Meher Din, ya ce shi ba zai tsaya ɓata lokaci da fitila ba, rijiyar da ko jiya ya shige ta. Meher Din yana ɗan shekara goma sha biyu, shi ke riƙe da igiya a sama. Ya ce yana kallo Fazal ya kwance igiyar, ya sunkuya zai cika guga, sai kawai ya zauna ya jingina da bango kamar mai hutawa. Ba ihu, ba tari. Wani maƙwabci ya zo a guje ya sauka don ya ɗauko shi, shi ma ya zauna. Gawa biyu aka fitar da la'asar.

Sau ɗaya ya taɓa ba ni wannan labari, muna cin abinci a gindin ɗalbejiya, kuma bai ɗago kai ba har ya gama.

Da famfunan burtsatse suka cika ƙasar, sana'ar gidansu ta mutu. Ya samu aikin kiwon bijimai a cibiyar, ya yi shekara tara yana kwasar kashi da wanke su, sannan aka mayar da shi ɗakin tuluna. Aikin cibiyarmu shi ne a ɗebi maniyyin zaɓaɓɓun bijimai a 'yan siraran bututu, a daskarar, a ajiye a tulunan ƙarfe cike da ruwan naitirojin, har ranar da za a kai wa makiyaya. Ruwan nan sanyinsa ƙona fata yake yi. Kullum yana ƙafewa kaɗan-kaɗan yana zama iska, iskar kuwa ba ta da launi ba ta da wari. Tulu ashirin da huɗu ne da babban tanki guda, kuma Baba ne mai cika su da auna su da goge su. A makonsa na farko ya tsuguna yana goge gindin wani tulu, sai ya ji kansa ya yi wani irin sakayau. Ya ƙyasta ashana ya kai ta ƙasa-ƙasa, ya ga harshen wutar ya tsuke. Tun daga ranar, ɗakin da yake aiki ba ya rabuwa da buɗaɗɗiyar taga.

A tsohon gini wannan bai dami kowa ba, don ginin kansa duk kafofi ne. Matsalar ta fara ne da muka koma sabon bene, mai gilasai da na'urar sanyi guda ɗaya da ke hura wa kowane ɗaki. Ɗakin tuluna ya zama ɗaki na tara, a ƙarshen barandar ƙasa. Taga ɗaya gare shi, can sama kusa da rufi, sai wata 'yar fanka mai zuƙe iska waje. Baba ya samo gora ya ɗaura mata ƙugiya. Da safe ya buɗe tagar wangal, da yamma ya bar ta rabi.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, gemunsa jawur da lalle. Kullum a kan keke yake zuwa, da gurasarsa da ɗanyen mangwaro jiƙaƙƙe ƙulle a tsumma. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, Nargis, tana aure a Harappa. Masu gadi sun raɗa masa suna Baba Taga, don ko masallacin cibiya ya shiga sai ya fara buɗe tagogi kafin ya tayar da salla.

"Baba, in ka mutu a bar maka taga a kabari?" in ji Riyasat mai gadi.

"A bar mini ƙofa ma," in ji shi, "don in fito in riƙa tashin ka daga barcin gadi."

A watan Afrilun shekarar ne aka turo mana Injiniya Nudrat daga wata jami'a a Lahore, ta auna yadda sabon ginin ke cin wuta da yadda mutanen ciki ke jin zama. An gina shi ne a kan zai ci rabin wutar tsohon, sai ga shi yana neman ya zarce shi, kuma shugaban cibiyar, Dakta Gondal, ya gaji da amsa tambayoyin na sama. Matashiya ce, ba ta da girman kai ko kaɗan, tana cin abinci tare da mu, kuma ba ta taɓa wuce mai shara ba tare da ta gaishe shi ba. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ɗauke ta muguwa. Da ni aka haɗa ta, ina ɗaukar tsani. Muka manna 'yan fararen akwatuna kamar sabulu a kowane ɗaki, masu auna zafi da laima da numfashin da mutane ke fitarwa. Na saka mita a kan kowane layin wuta. Ta raba takardu kowa ya cika: kana jin zafi sosai, zafi kaɗan, daidai, ko sanyi?

Abubuwan da akwatunan nan suka tono sun ba mu dariya. Akwai wani dakta a bene na biyu da ke kunna hita a ƙarƙashin teburinsa a tsakiyar zafi, don sanyin na'ura yana tayar masa da ciwon gwiwa. Akawu biyu da ke ofis ɗaya sun yi wata shida suna yaƙin ɓoye, wannan ya ƙara sanyi, da ya fita wancan ya rage. Masu shara suna toshe ƙofar baya da bokiti don su sha iska. Amma duk waɗannan ƙanana ne. Da ta buɗe kwamfutarta ta nuna mana zanen, layin ɗaki na tara shi kaɗai ya yi sama kamar hasumiya. Sanyin da injin ke wahalar haɗawa, ta tagar Baba yake ficewa dare da rana.

Da kanta ta je ta same shi, ina biye.

"Baba, ku yi haƙuri, tambaya zan yi. Me ya sa kuke barin tagar nan a buɗe?"

"Don ɗakin ya yi numfashi, Bibi," in ji shi. Haka muke kiran mace don girmamawa.

Ta nuna masa akwatin da muka manna a bango bayan tuluna, da 'yar koriyar fitilarsa. "Kun ga wannan? In iska ta lalace ja yake yi. Tun da muka saka shi bai taɓa yin ja ba. Iskar ɗakin nan ta fi ta ofishin shugaba tsabta."

"Me yake aunawa?"

"Numfashin da mutane ke fitarwa."

"To ai nan ba mutane ke numfashi ba, 'yata. Tuluna ne."

Ta juya ta dubi tulunan. Ya ƙyasta ashana ya kai ta ƙasa, ta ci lafiya lau, tun da taga a buɗe take. Ya yi murmushi ya ce, "Yau ta ƙaryata ni. Ki rufe kwana biyu ki dawo."

Ba ta yi watsi da maganarsa ba. A gabana ta rubuta wa waɗanda suka zana ginin, suka amsa cewa fankar da ke zuƙe iska ta wadatar, tagar ta haske ce kawai. Da wannan amsar ta rubuta rahotonta na farko, da shawarwari goma sha biyu. Ta huɗu ta ce a rufe tagar ɗaki na tara. Ta bakwai ta ce a sa roba a ƙasan ƙofofi da sifirin mai mayar da su. Ta goma sha ɗaya ta ce a riƙa kashe fankokin ginin bayan an tashi aiki da ranakun hutu. Ita fankokin banɗaki da ɗakin shayi take nufi, amma takardar da ta sauko daga ofishin shugaba cewa ta yi duk fankoki.

Ni na yi ukun, da hannuna, a ranaku daban-daban. Ranar da na haɗa fankar ɗaki na tara da agogon kashe wuta, abin ya ɗarsu a raina. Na tsaya da filaya a hannu na ɗan lokaci, sannan na ce wa kaina masu digiri sun fi ni sani, na ƙarasa aikina.

Ranar rufe taga, Baba ne ya riƙe mini tsani. Noti huɗu na ɗaura. Da na sauko sai ya dube ni.

"Mistiri," haka kowa ke kira na, kamar yadda ake kiran duk mai aikin hannu, "ka ɗaure da kyau?"

"Umarni ne, Baba."

"Na sani. Tambayar ka na yi ko ka ɗaure da kyau."

Ya je wurin Dakta Gondal har sau biyu. Na biyun ina wurin, ina gyaran soket.

"Meher Din, wata nawa ya rage maka ka yi ritaya?"

"Takwas, Sahib, ranka ya daɗe."

"To ka ƙarasa su lafiya. Injiniya ta auna, masu gini sun rubuto, kai kuma ka zo mini da ashana. Kuma daga yau kada in sake jin an kunna wuta a ɗakin bincike. In ka taɓa tagar nan, da kaina zan raka ka bakin ƙofa."

Cin wutar ginin ya sauka ƙwarai a watan Mayu. Shugaba ya sa aka raba alawa a ɗakin shayi, aka manna zanen Nudrat a allon sanarwa. Kowa ya ce ginin ya fi daɗin zama, kuma gaskiya ne, har barandar ƙasa ta yi sanyi.

Baba ya sauya tsarinsa. Yakan iso tun kafin kowa, ya buɗe ƙofar ɗakin ya tokare ta da bulo, ya koma baranda ya zauna a ƙasa yana jan carbi, sai fanka ta tashi ta yi rabin sa'a sannan ya shiga. Ya ɓoye guntun kyandir a aljihu. Wata Litinin ya kira ni da hannu, ya kunna kyandir ɗin a bakin ƙofa, ya ɗora a kan cebur ya tura ciki a hankali. Harshen wutar ya yi shuɗi, ya tsuke, ya tsuke, ya zama kamar ƙwayar gero. Bai mutu ba. A bango kuwa koriyar fitilar nan tana ta haske.

"Wannan kwana ɗaya da rabi ke nan ba fanka," in ji shi. "Sallah kwana nawa za a ba mu?"

Kwana biyar aka bayar, har da ƙarshen mako.

Ranar jajibirin hutun, zafi ya kai inda kwalta ke manne wa takalmi. Da azahar Baba ya zo ya same ni a ɗakin janareta, ya ja ni zuwa babban tanki. A wuyansa da gefensa ɗaya farar ƙanƙara ta fito kamar gishiri. Na taɓa jikinsa, sanyi ya ratsa ni. Lafiyayyen tanki ba ya sanyi a waje.

"Ya fara zubar da cikinsa," in ji Baba. "Na faɗa wa Sahib, ya ce kamfani ya tafi hutu, sai bayan Sallah. Mistiri, noti huɗu ne. Ka kwance, ranar dawowa ka mayar tun kafin ya iso. Ko fankar nan ka bar ta tana aiki."

"Baba, mitar tana rubuta komai. Da na taɓa, a Lahore za a gani."

"To a gani mana."

"Ina da 'ya'ya huɗu."

Ya dube ni, ba da fushi ba. Sannan ya ce, "To rubuta mini takarda. Ni ban iya ba. Ka rubuta kada kowa ya shiga sai Meher Din ya zo."

Na rubuta da manyan baƙaƙe, na manna a ƙofar da salatif. Na ji kamar na sauke nauyi. Muka yi wa juna barka da Sallah, masu gadi suka kulle ginin.

Ban ji daɗin Sallar nan ba. Ina fiɗar akuya ina tunanin ɗakin. Sau biyu na ɗauki mabuɗin babur zan je, sau biyu na ajiye, ina ce wa kaina ai ba kowa a ginin, kuma Baba zai riga kowa zuwa kamar kullum.

Daren ƙarshe na hutun Nudrat ta aiko mini da saƙo cewa za ta iso da sassafe ta kwashe bayanan akwatunan, ta juya Lahore kafin rana ta yi zafi. Ƙarfe bakwai saura na iso. Keken Baba ba ya gindin ɗalbejiya. Daga baya muka ji cewa a Harappa ya yi Sallah wurin Nargis, motar da ya hau da asuba ta lalace a hanya.

Muka fara daga bene na sama muna saukowa. Tana cikin fara'a, har ta kawo mini soyayyen nama daga gidansu. Da muka iso ɗaki na tara, ƙofar ba komai a jikinta. Zafi ya narkar da salatif ɗin, takardar na ƙasa a kife, an taka ta.

"Bibi, a jira Baba," na ce.

Ta duba wayarta. "Ga shi nan kore, Mistiri. Minti ɗaya ne, in zare katin bayanan akwatin in fito."

"To bari in ɗauko bulon da yake tokare ƙofa."

Bulon yana can bakin matattakala, taku ashirin. Na sunkuya zan ɗauka, sai na ji ƙarar mabuɗi, sannan na ji sifirin da na ɗaura da hannuna ya mayar da ƙofar, ƙyat. Na juyo, baranda ba kowa.

Na kira ta. Shiru. Na ƙara kira. Sai na ji wani abu ya faɗi a ciki, ƙaramin abu, kamar waya.

Ta gilashin ƙofar na hango ta. Akwatin yana bayan tuluna, ƙasa-ƙasa, dole sai an tsuguna. Tana zaune a ƙasa, kanta jingine da wani tulu, idanunta rabi a buɗe. Babban tankin ya yi fari fat tun daga sama har ƙasa. Na kama mariƙin ƙofa zan afka, sai na ji an fizgo wuyan rigata ta baya da ƙarfin da ya sa na faɗi zaune.

Baba ne, yana haki, ƙullin abincinsa a hannu.

"In ka shiga biyu za mu ɗauka. Tashi! Tokare ƙofar. Riyasat! Zagaya baya ka fasa tagar nan, da dutse, da komai! Kai, igiyar bijimi, maza!"

Ban san yadda na je garke na dawo ba. Na tarar ya tuɓe riga. Ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya bar wani tsawo a gaba ya yi masa zarge. Muna jin Riyasat yana jifan gilashin, dutse na farko bai fasa ba, gilashin mai kauri ne. Wani mai shara ya iso, Baba ya damƙa mana ƙarshen igiyar mu biyu.

"In na zauna, ku ja. Kada ku shigo. Ko me kuka gani, kada ku shigo. Ka ji ni, Mistiri?"

"Na ji, Baba."

Ya koma tsakiyar baranda ya ja numfashi sau uku, ya riƙe na huɗu, ya shiga.

Taku bakwai ne zuwa inda take. Ya zura mata zargen a ƙarƙashin hammata, ya ɗago ta, ya fara jan ta da baya. Sai mayafinta ya maƙale a hannun wani tulu. Ya ja, tulun ya biyo su yana neman kifewa. Da ya kife, ruwan zai malale a kansu. Ya sake ta, ya durƙusa yana warware mayafin. Ina ganin jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ya warware. Sannan na ga ƙirjinsa ya buɗe da kansa, ya shaƙa.

Bai yi taku biyu ba ya sulale.

Muka ja. Mutum biyu a igiya ɗaya, a kan siminti, ƙafarsa ta sarƙe da ƙafar teburi, muka saki muka sake ja. Ƙafafuna suna son su shiga, ina jin su. A daidai lokacin gilashin ya tarwatse, Riyasat ya zagayo ya kama igiyar tare da mu. Muka fito da su har tsakar gida, kan ciyawa.

Allah Ya sa likitan dabbobi mai duba bijimai da safe ya iso. Ya hura wa Nudrat iska a baki, ba a jima ba ta yi tari ta fara amai. Baba kuwa leɓɓansa sun yi shuɗi, likitan ya nemi bugun zuciya bai samu ba. Ya hau danna masa ƙirji, yana ƙirgawa da ƙarfi, har na ji haƙarƙari ya ƙarye. Ya ci gaba. Ni dai ina tsugune riƙe da ƙafar Baba, ban san abin da nake karantawa ba. Sai da motar cibiya ta iso sannan likitan ya ce zuciyar ta dawo.

Kwana biyu ya yi bai farfaɗo ba. Da ya buɗe ido, hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa, maganarsa ta yi nauyi. Likitoci suka ce shekaru ne da zuciya, ita yarinyar jikinta ya jure. Nudrat ta ƙi komawa Lahore. Ta zauna a ƙasa a bakin gadonsa tare da Nargis, tana kuka tana cewa ya yafe mata.

"Ke kin tambaya," in ji shi a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. "Amsar ce aka ba ki rabi."

Ni bai ce mini komai ba game da abin da ya roƙe ni ranar jajibiri, har yau. Da kwamitin bincike ya zauna, na faɗa musu da bakina. Suka rubuta, suka gode mini. Rahotonsu ya ce tanki ne ya lalace, kuma an shiga ɗakin ba bisa ƙa'ida ba. Aka sayo na'ura mai ƙara idan iskar shaƙa ta ragu, aka ba fankar layinta daban. Aka yi wa Baba ritaya kafin lokaci, da takardar yabo a cikin firam. Bayan shekara aka ɗauke Dakta Gondal zuwa babban ofis.

Abin da ya hana mu barci daga baya wani ne daban. Tun a watan Mayu, da aka ga yadda wuta ta ragu, an buga shawarwarin nan goma sha biyu an rarraba wa ƙananan cibiyoyin da ke gundumomi, a matsayin abin koyi. Kowace tana da ɗan ɗakinta na tuluna. Nudrat ta rubuta gyara, ta aika, ta buga waya, ta je da kanta ofis-ofis. Aka ce mata za a sanar. Ta sayi na'urar aunawa da kuɗinta, duk ƙarshen mako takan hau mota ta je wata gunduma. A wasu wuraren ta tarar ba wanda ya ma karanta takardar farko, tagoginsu a buɗe, ta gode wa Allah. A wurare uku ta tarar an bi ta sak, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta biyun. Cibiyoyin sun haura arba'in, ita kuwa ɗaya ce, ga aikin koyarwa.

Baba yana Harappa yanzu wurin 'yarsa. Yana tafiya da sanda, yana ba tantabarun jikokinsa hatsi da hannun dama. Duk Juma'ar farkon wata nakan hau babur in je, in tafi da takarda da biro, don shi ke faɗa ni ke rubutawa. Wasiƙa bakwai muka aika wa manya. Amsa ɗaya ta zo, layi biyu, ana gode masa da kishinsa.

A bazarar da ta wuce aka faɗa a rediyo cewa an tsinci ma'aikata biyu a mace a wata ƙaramar cibiyar dabbobi can kudu, ana zaton zafi ne. Ban san gaskiyar abin ba, Nudrat ma ta bincika ba ta samu wanda zai yi mata bayani ba. Na yi niyyar in ɓoye masa, ashe ya riga ni ji. Da na fito da takarda, sai ya dafe ta da hannu.

"Bar rubuta wa masu kujera, Mistiri. Ba su ke tsugunawa a ɗakin ba. A kowace cibiya akwai mai cika tulu kamar ni. Nemo mini sunansa da lambarsa, ni zan yi masa magana."

Haka muke yi yanzu. Ina bin direbobin da ke kai naitirojin gundumomi, ina roƙon su lambobi. In na samo, sai in buga in kara masa a kunne, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, sannan ya yi bayani da wannan nauyayyen harshen nasa. Wasu suna saurara har ƙarshe. Wasu suna zaton ɗan damfara ne su kashe. Mun samu mutum tara. Lamba ta goma ta wani ce da ake kira Sajawal, a wata gunduma ta bakin hamada. Makonni uku ke nan ina bugawa, tana shiga, ba a ɗauka. Direban ya ce ranar Talata zai bi ta can, zai duba mana.